Zuwa ga 'yan uwana na Katsina, kan ƙullutun ruwa a fankiriyas

Assalamu alaikum jama'ar Katsina ta Dikko ɗakin kara, ya gida ya iyali, ya zafi? Mu nan Amurka sanyi ne ke ta dukan mu.

Abin da ya sa na ɗauki waya nake rubutun nan, watan jiya kawuna na Ƙofar Ƙaura ya turo mani hoton takardar sikanin ta WhatsApp, an ce an ga ƙullutu mai ruwa a fankiriyas ɗinshi, gida duk ya rikice har an fara kuka wai kansa ce, wato ciwon daji. Ni kuma aikina kenan a ɗakin gwaji, ruwan irin wannan ƙullutun muke aunawa kullum, shi ya sa na ce bari in yi bayani kowa ya ji.

Fankiriyas dai ba saifa ba ce, wata gaɓa ce kwance bayan tumbi, ita ke yin insulin da ruwan narkar da abinci. Ƙullutun ruwa a jikinta ba baƙon abu ba ne ga wanda ya manyanta, kuma wallahi mafi yawansu har mutum ya koma ga Allah ba abin da za su yi mashi. Amma akwai masu majina a ciki, irin wanda likitoci ke kira IPMN, su ne a hankali cikin shekaru wani zai iya rikiɗa ya zama ciwon daji, kuma dajin wannan wurin mugu ne, ko nan Amurka wajen 13 cikin 100 ne ke kai shekara 5 bayan an gano shi.

To ta ya ake bambancewa? Ana zura bututu mai kyamara ta baki, a tsikari ƙullutun da allura ta cikin tumbi a zuƙo ruwan. Da can wani sinadari da ke cikin ruwan mai suna CEA aka fi aunawa, in ya haura 192 a ce mai majina ne, amma bai faɗa maka ko ya fara lalacewa. Yanzu ƙwayoyin gado (DNA) da ke cikin ruwan muke karantawa. In aka ga ƙwayoyin gado masu suna KRAS ko GNAS sun canza, to ƙullutun daga dangin masu haɗari yake, sai dai wannan matakin farko ne, ba kansa ba tukuna. Masu bincike a Johns Hopkins ne suka nuna alaƙar GNAS ɗin da IPMN a 2011. Inda hankalina ke tashi shi ne in na ga TP53 ko SMAD4 ko CDKN2A sun biyo baya, don su ne birkin ƙwayar halitta, in suka tsinke mota ta kama gangara, nan ake fara maganar tiyata. In kuma canjin wata ƙwayar gado mai suna VHL ne kaɗai ya fito, alhamdulillahi, mara cutarwa ne, an huta da wuƙa, kuma tiyatar wurin nan ba wasa ba ce ko kaɗan.

Gwajin yana da tsada, na sani, ba kowa zai same shi ba. Amma akwai alamomin da sikanin kanshi ke nunawa: ƙullutu ya kai santimita 3, ko tsiro a bangonshi, ko babbar magudanar fankiriyas ta buɗe ta kai milimita 10. Sai wanda ya fi damuna, ciwon shawara. Dattijo ido ya yi ɗorawa, fitsari ja, jiki na ƙaiƙayi, yana ramewa, ko ciwon suga ya faɗo mashi rana tsaka, sai a ce a ba shi jiƙo a jira. Don Allah a daina jiran nan, a tafi Asibitin Koyarwa na Tarayya, in sun tura Kano ko Shika a bi. Kunya gare mu Katsinawa, amma kar a kai ta gaban likita.

Na kawu bai kai santimita 2 ba, babu tsiro, likitanshi ya ce ya dawo a sake hoto. Kawu, don girman Allah a adana takardar farko a leda a tafi da ita, da ita za a gane ko ya ƙaru, ranar ma ni da kaina zan bugo in tuna maku. A gaida su Inna da yara.

Naku ɗan Katsina a Amurka.