Tsatsar gefen gilashin mota da abin da ta jawo mini

Ranar Asabar na tarar da ɗan ƙanena a ƙofar gidanmu a Gwammaja, ya jingina da tsohuwar Golf ɗin da ya saya, yana riƙe da silikon irin wanda ake liƙe tagar alminiyom da shi, zai matsa a gefen gilashin gaba inda fenti ya kumbura. Da na ce ya dakata, sai ya ce, "Baffa, ai ɗan wuri ne kaɗan, kuma na ga yadda ake yi a waya." Ban ba shi amsar kirki ba, domin raina ya ɓaci, kuma rabin ɓacin ran da kaina nake yi.

Motata ta farko Fijo 504 ce, ɗaya daga cikin waɗanda aka haɗa a Kaduna, inda aka fara haɗa su tun 1975, kuma na saye ta bayan ta wuce hannu fiye da ɗaya. A ƙarƙashin darbejiya nake ajiye ta saboda rana. Ban taɓa kawowa a raina cewa ganyen da ke zuba da ƙurar hunturu suna taruwa a ƙarƙashin robar gilashi da cikin magudanar da ke gindin waifa ba. Idan damina ta sauka, wannan tarkace ya sha ruwa ya riƙe shi, ƙarfen da ke ƙasa ya yi ta zama cikin danshi ko da saman motar ya bushe. Alamar farko ƙananan ƙuraje ne a kusurwar ƙasa, ɓangaren fasinja.

Mai gyaran bodin da na kai wa ya gaya mini gaskiya tun farko: sai an cire gilashin, domin abin da ake gani a waje kaɗan ne daga abin da roba ta rufe. Na ƙi. Har yau ina ganin ina da hujja, domin lokacin biyan kuɗin makarantar yara ne, kuma ya ce ba zai ɗauki alhaki ba idan gilashin ya fashe wajen cirewa. Wane magidanci ne zai zaɓi gilashi a kan makaranta? Ya kankare iya inda hannunsa ya kai, ya shafa fila, wato ƙullin da ake cike ramin bodi da shi, ya goge, aka fesa fenti, motar ta fito tas, na riƙa yaba wa kaina dabara. Wani lokaci nakan ce laifinsa ne, tunda ya san aikin banza ne bai kamata ya karɓa ba. Amma kuɗina ne, kuma ni na tsaya a kansa har ya yi.

Fila tana shan ruwa, kuma tsatsar da aka binne a ƙarƙashinta ba ta daina ci. Damina na zagayowa ƙurajen suka dawo sun fi na da girma, ruwa ya fara ɗiga a kan kafet. A nan ne na sayi silikon na zagaye robar da hannuna. Warin tsamin da yake yi lokacin bushewa asid ne, wanda ke ƙara wa ƙarfe tsatsa, fenti ba ya kama shi, sannan ya toshe wa ruwan da ya riga ya shiga hanyar fita. Motar ta fara warin rima, gilashi yana yin hazo daga ciki, wayoyin ƙarƙashin dashbod suka fara ba ni wahala, ina ta biyan mai gyaran wuta a kan ciwon da tushensa ke sama. Wata safiya na tarar da tsaga ta taso daga kusurwa ba tare da dutse ya taɓa gilashin ba, domin tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci kumburi, sai ta yi ta tura bakin gilashin har ya gaza. Da aka cire shi, leɓen ƙarfen da roba ke kamawa ya riƙa marmashewa tsakanin yatsun mai gyaran kamar ɓawon gyaɗa.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda na rabu da ita. Na sa aka sake cikewa da fila, aka sa wani gilashi, na ba dillali ba tare da na faɗi aibinta ba. Na ce wa kaina mai saye yana da ido, kuma ni ma haka aka sayar mini. Allah Ya yafe mana, amma wannan hujjar ba ta taɓa zauna mini ba.

Na yi niyyar jero wa matasa shawarwari da yawa, amma da na zauna sai na ga kusan guda ce: a cire gilashin. Ga mai irin motar ɗan ƙanena abin ya fi tsanani, domin gilashinta da gam aka liƙe shi a jikin ƙarfe, yana cikin abin da ke ba rufin motar ƙarfi, kuma gam ba ya riƙe tsatsa. Motocin da muke kira 'yan Beljiyam sun fito daga ƙasashen da ake watsa gishiri a titi lokacin sanyi, sau da yawa kuma an taɓa canza musu gilashi, wuƙar da ta yanke tsohon gam ta karce fenti aka bar wurin haka. A goge har sai ƙarfe ya fito fari. Inda ya huje a yanke a yi waldar sabon ƙarfe, ko a nemo yankin irin motar a kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa, bayan an cire kan batir an rufe dashbod saboda tartsatsi. A shafa fentin ƙasa mai hana tsatsa, a bar shi ya bushe sosai kafin gam ya hau, kuma kada fila ta shiga inda gilashi zai zauna. A yi wannan aiki da rani, kada a bari sai Agusta.

To amma idan ba ka da kuɗin sabon gilashi a aljihu, kada ka cire, domin tsohon gilashi yakan fashe ko a hannun gwani. Na san wannan ya saɓa wa abin da na faɗa yanzu, kuma shi ne ramin da na faɗa a ciki. Sai dai ni na yi fenti na manta, kai kuwa ka share magudanar, ka rufe motar da tamfol, ka fara tara kuɗin. Kuɗin ma akwai su, ina ganin yadda yaran yanzu ke kashe su a kan sifika da baƙin gilashi da fitilu masu walƙiya, alhali ruwa na zuba musu a ƙafa. Ba sa iya tsayawa a gareji na awa ɗaya ba tare da ido na kan waya ba, kuma ranar cire gilashi dole mai mota ya tsaya da kansa, ya karɓi sukundireba ya caka leɓen ƙarfen daga kusurwa zuwa kusurwa kafin kowa ya buɗe gwangwanin fila. Idan tsatsar ta hau ginshiƙan da ke riƙe rufi, ka haƙura da gyaran, ka sayar da motar a farashin da ya dace da ita, ka nuna wa mai saye wurin da yatsanka.