Akwatin feshi da yashin rafi

Ƙarshen watan nan zan ajiye aiki a ɗakin gyaran samfurin duwatsu da ke gefen Riruwai. Wanda zai gaje ni zai tarar da akwatin feshi a lungu, wanda a cikinsa ake fesa wa dutse gari da ƙarfin iska don cire masa datti, to gara ya ji labarinsa daga bakina kafin a ba shi wani daban.

Ni na zana shi, wani mai walda a Tudun Wada ya haɗa. Akwatin ƙarfe ne mai gilashi a sama, da ramuka biyu a gaba da aka ɗaura wa doguwar safar hannu ta roba, sai tiyo daga injin iska irin na masu faci. A takardar kayan da na miƙa, abu biyu Oga ya soke da jan biro: injin zuƙe ƙura mai matata, da garin feshi. Ya ce, "Malam, yashi ya ƙare ne a rafi?" Na ce, "Ranka ya daɗe, yashi silika ne." Ya ce ai mahaƙa kuza sun shekara da shekaru cikin ƙura, ga su nan da ransu. Duk wanda ya zauna kusa da tsofaffin mahaƙa ya ji tarinsu ya san amsar, amma ban tanka ba.

Ƙwayar yashi in ta daki dutse da ƙarfin iska farfashewa take yi, ta koma ƙurar da ido ba ya gani, ta gangara can cikin huhu ta zauna. Ciwon da take haddasawa, silikosis, ba ya warkewa. Ingila ta hana feshin ƙarfe da yashi tun 1949, Turkiyya kuma a 2009 ta hana koɗar da wandon jins da shi, bayan samarin da ke aikin sun yi ta kamuwa. Rufe hanci da rawani ba ya tare ta. Amfanin akwatin shi ne iska ta riƙa shiga ba ta fita, kuma gwajin ba wuya: ka kunna injin zuƙa, safar hannun ta miƙe zuwa ciki. Tamu waje take kumburowa. Da hantsi, in rana ta shigo ta taga, kana ganin ƙura na tsiyaya daga kowace gaɓar walda.

Abin da ya fi ci min rai ya faru ne ranar da ba na nan. An ce baƙi za su zo, Oga ya sa yaron da nake koya wa aiki ya wanke wani dutsen zinki, sifalarayit, mai fuskoki masu sheƙi, da yashin nan. A ma'aunin tauri na Mohs yashi 7 ne, sifalarayit kuwa 3.5 zuwa 4. Ko kuza, da take 6 zuwa 7, yashi na dusashe ta. Ƙa'idar ita ce garin ya fi dattin tauri amma kada ya kai abin da kake son fitarwa: garin dutsen dolomayit ga kuza, bekin soda mai 2.5 ga masu laushi. Dutsen ya fito kamar guntun bulo. A gaban baƙi aka ce akwatin da na ƙera ne bai yi ba. Yaron ya sunkuyar da kai, ni ma ban tona ba, don shi umarni ya bi. Bayan wata biyu aka sayo injin zuƙar, aka kuma sanar a taro cewa dabarar Oga ce. Allah ya ba da lada.

Sauran ƙanana ne. Da damina ka tsiyaye ruwan tankin iska kowace safiya, in ba haka ba gari ya dunƙule ya toshe bakin feshi. Da hunturu gari na manne wa gilashi, kuma gilashin kansa dusashewa yake, sai ka liƙa leda mai kauri ta ciki ka riƙa canzawa. Ka tankaɗe gari da rariya, kada ka gauraya iri biyu. Ka fara da ƙaramar iska, a bayan samfurin.

Matatar injin ta cika, na rubuta a canza ta tun kafin salla, har yau ba a sa hannu ba. Kada ka kunna akwatin sai an sa.