Dafin ƙudan zuma da maganar rage tsufan fata

A wani ƙauye kusa da Ngaundere a ƙasar Kamaru, inda ake rataye amya a kan bishiyoyi, na ga wani dattijo yana ɗora ƙudan zuma a gwiwarsa don ya harbe shi, yana neman sauƙin sanyin ƙashi. Abin ya tsaya mini a rai. Kusan rabin busasshen dafin sinadarin melitin ne, wanda gwaji a kan dabbobi ya nuna ɗan kaɗan ɗinsa yana rage kumburi, kuma a Koriya ta Kudu ana sa dafin a man shafawa don rage tamojin fuska. Damuwata ita ce mutumin da jininsa bai karɓi dafin zuma ko na rina ba, domin harbi ɗaya yana iya toshe masa numfashi cikin mintuna, ga asibiti da nisa.