Layin da babu a fom ɗinmu

Jiya na miƙa katin aiki da rigar ƙungiya. Abokan aiki sun ce in bar wa sababbi wani abu a rubuce, sai na ga ba ni da abin faɗi da ya wuce na Bama.

Wanda ya shiga garin a watan Yunin 2016 ya san yadda sansanin 'yan gudun hijirar nan na harabar asibiti yake: mutum wajen 24,000, fiye da rabi yara, tamowa ta cinye su. Sojoji sun ƙwato garin daga hannun Boko Haram tun Maris 2015, amma hanyar Maiduguri ba ta biyuwa sai da rakiya. Ni aka ɗora wa rubuta sunayen mata da yaran da za a kwasa.

Gurbi biyu ne a fom ɗin, na uwa da na ɗa. Wata tsohuwa ta zo da yara uku, ƙaramin a goye, ma'aunin dantsensa ya nuna ja, alamar tamowa mai tsanani. Jikokinta ne, uwarsu an shiga daji da ita tun ranar da garin ya faɗi. Na tambayi oga. Ko ɗago kai bai yi ba, ya ce mota ta uwaye ce, a ɗora yaran, tsohuwa ta jira ayari na gaba. Ta kama bakin hijabina tana magana da Barbarci, tafinta ya juya mini: "'Yar nan, ba ya ci sai a hannuna." Na ji sarai, amma na bi fom.

Haka kuwa aka yi. A Maiduguri yaron ya dafe baki, kwana huɗu ko madara bai karɓa ba, sai ta hanci aka riƙa ba shi. Yayarsa da ba ta wuce shekara tara ba ita ta koma uwa, ba barci dare da rana. Kwana goma sha ɗaya na yi ina roƙo kafin a sa kakar a mota. Yaron ya tashi, alhamdulillahi. Da bincike ya zo, hannuna ne a ƙasan takardar, ni aka ba wa gargaɗi. Oga ya ce bai tuna an tambaye shi ba. Har yau ban iya gaishe shi da sakin fuska ba.

Daga ranar na daina ce wa mace, "Ke kika haife shi?" Yaron nake tambaya a jikin wa yake kwana. Na ga kishiya tana shayar da ɗan kishiyarta, na ga maƙwabciya riƙe da marayu biyar. Layin "mai riƙo" da kuke cikewa yanzu, wata shida na yi ina naci kafin a ƙara shi, ko da yake ba wanda ya taɓa faɗin inda ya fito.

Umarnin baki kuwa, ku nemi a sa muku hannu. Ku nemi tafinta mace. Kada ku raba 'yan ƙauye ɗaya don lissafin tanti ya cika.

Da aka rufe sansanin Dalori na Maiduguri a 2022 na je neman tsohuwar. Aka ce sun koma Bama, ita da jikokin uku.