Makullin da Ya Rage a Hannun Wanda Ya Bar Aiki

Shekara shida ke nan ina kula da kwamfutocin wani kamfanin rarraba kaya a Kano, mai rassa a Kaduna da Katsina da Maiduguri. A takardar ɗaukar aiki an rubuta jami'in tsaron bayanai, amma a bakin mutanen ofis ni ne "mai kwamfuta", wanda ake ƙwala wa kira in firinta ta ƙi. Abin da ke hannuna kuwa ba na wasa ba ne: sunayen diloli da lambobin asusunsu, bashin da ake bin kowa, albashin ma'aikata, da farashin da muke sayo kaya daga masana'anta, wanda ko ƙanin mai kamfani bai sani ba.

Da na fara, gani nake yaƙina da wasu gwanayen kutse ne na ƙasashen waje. Na matsa aka sayi na'urar shinge mai tsada, aka biya kuɗin manhajar kashe ƙwayoyin cuta, na zauna ina jin na killace gida. Ashe ƙofar baya a buɗe take.

Wata Litinin da safe akantanmu ya leƙo ofishina da waya a kunne. "Malam, kai ka ce a turo wa diloli sabuwar lambar asusu?" Na ce wace lamba? Diloli uku suka kira, duk sun sami saƙon imel cewa kamfani ya sauya banki, a biya kuɗin kaya ta wani asusu. Ɗaya har ya biya. Na buɗe saƙon ina fatan in ga adireshin bogi, irin wanda ake sauya wa harafi ɗaya. Ina! Adireshinmu ne na gaske, na wani jami'in tallace-tallace da ya ajiye aiki wata bakwai da suka wuce. Ba shi ya yi ba, bawan Allah yana can yana harkarsa. Kalmar sirrinsa ce ta faɗa hannun wasu, don ita ɗin dai yake amfani da ita a ko'ina, sunan ɗansa da shekarar haihuwa. Suka shiga, suka yi makonni suna karanta wasiƙu shiru, suka koyi yadda muke gaisuwa da yadda muke rubuta takardar kuɗi, sannan suka yi aika-aikarsu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san asusun yana nan. Ranar da mutumin ya tafi na so in rufe, manaja ya ce, "Bar shi tukuna, diloli sun saba aika masa saƙo." Na ce to, yallaɓai. Wannan "to" ɗin ita ta jawo mana.

Daga baya da na karanta abin da ya sami kamfanin bututun mai na Colonial a Amurka a watan Mayun 2021, sai na ji kamar labarinmu ne aka hura masa iska. Kamfanin da ke kai kusan rabin man da gabashin ƙasar ke sha, an shige shi ta wani tsohon asusun da ba a amfani da shi, da kalmar sirri guda, babu mataki na biyu na tantancewa. Bututu ya tsaya kwanaki, layin mai ya kafu a gidajen mai, kamfanin ya biya masu kutsen fansar dala miliyan 4.4. Kantin Target ma a 2013 ta hannun ɗan kwangilar gyaran na'urorin sanyaya ɗaki aka bi aka kwashe bayanan katin banki kusan miliyan 40. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma sau da yawa tsagar ba ta fi kaurin farce ba.

Rufe asusun tsofaffin ma'aikata aikin yini ɗaya ne. Wahalar tana wajen manya. Mai kamfaninmu dattijo ne da ya taso daga kasuwa, mutumin kirki, kuma asusunsa na iya buɗe komai. Kalmar sirrinsa tana hannun sakatarensa, da ɗansa, da wani yaron gida da ke duba masa saƙo in yana tafiya. Yaya zan ce wa sa'an mahaifina ya daina? Sau biyu ina shiga da dogon turanci ina fitowa da "Allah ya yi albarka, za a duba." A na uku na bar turancin a waje.

"Ranka ya daɗe, makullin babban sito, mutum nawa ke riƙe da shi?"

"Biyu. Ni da sitokifa."

"In sitokifa ya bar aiki fa?"

"A sauya kwaɗo mana, wannan ai ba tambaya ba ce."

"To, Alhaji, wannan kalmar ta fi makullin sito. Ita ke buɗe littafin bashi da asusun banki, kuma mutum huɗu ke da ita."

Ya yi shiru, ya gyara hula, ya ce, "Me ya sa ba ka faɗa mini haka tun farko ba?" A ranar aka haɗa asusunsa da wayarsa, sai an danna lambar da ke zuwa masa kafin a shiga. Sakatare ya sami nasa asusun da iyakar abin da aikinsa ke buƙata. Na kwana biyu ana ɗaure mini fuska a ofis, wasu na cewa na mai da kowa ɓarawo. Haka na haƙura.

Sai maganar ajiyar kwafi, inda na fi jin kunya. Kullum dare manhaja na kwafe bayananmu zuwa wani faifai, kullum safe ina ganin koren alama ina jin daɗi. Bayan abin da ya faru na ce bari in gwada dawo da littafin bashi na makon jiya. Ya ƙi. An mayar da rumbun bayanan wani wuri tun watannin baya, manhajar kuwa tana ta kwafe tsohon wurin da babu sabon abu a ciki, tana kuma shaida mini an yi nasara. Kuma faifan a jone yake da sauran kwamfutocin, ta yadda da masu garkuwa da bayanai sun shigo, da shi da su za su kulle a lokaci guda.

Akwai labarin da nake yawan ba sababbin yara a kan wannan. Ranar 27 ga Yunin 2017 wata muguwar manhaja da aka laƙaba wa NotPetya ta ɓulla daga Yukren, ta cikin manhajar lissafin haraji da kamfanoni ke amfani da ita a can. Ta afka wa Maersk, katafaren kamfanin jiragen ruwa na Denmak, ta shafe kwamfutocinsa a faɗin duniya. Suna da kwafin abubuwa da dama, amma na'urorin da ke riƙe da rajistar wane ne wane, da abin da kowa ke da izinin buɗewa, duk sun tafi tare, domin a haɗe suke kowace na kwafar 'yar'uwarta. Guda ɗaya tak ta tsira, a ofishinsu na Ghana. Dalili? An ɗauke wuta kafin harin, na'urar a kashe take, cutar ba ta same ta ba. Intanet ɗin wurin ba zai iya tura bayanan da wuri ba, ma'aikatan kuma ba su da bizar Ingila, sai ɗayansu ya hau jirgi ya kawo faifan Najeriya, wani ya karɓa ya wuce da shi Landan. Shugaban kamfanin ya faɗa daga baya cewa sun sake girka kwamfutoci 45,000 da manyan na'urori 4,000 cikin kwana goma, asara kuma ta doshi dala miliyan 300. Ɗauke wutar da muke tsine wa kullum ita ta ceci kamfani mai ofisoshi a ƙasashe sama da ɗari. Sai dai ba na son makomar albashin mutane ta rataya a kan sa'a irin wannan, shi ya sa yanzu kwafinmu uku ne, ɗaya a cire yake daga komai.

Facin manhaja kuwa, wato gyaran da masu manhaja ke fitarwa don toshe kafar kutse, ba ya buƙatar dogon bayani. Microsoft ta fitar da gyara a Maris 2017, wata manhajar garkuwa da bayanai mai suna WannaCry ta zo a Mayu ta durƙusar da asibitocin Ingila da ba su ɗora ba. Equifax ma, kamfanin Amurka mai tattara bayanan bashin jama'a, a shekarar, gyara na nan ba a sa ba, bayanan mutum miliyan 147 suka fita. Namu ciwon shi ne kwamfutocin rassa masu Windows ɗin sata, waɗanda ba sa karɓar gyara. Na yi shekara ina roƙon kuɗin lasisi. Abin da ya taimake ni a ƙarshe doka ce: tun da aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya a Yunin 2023, kamfani na da awa 72 ya sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, wato NDPC, in an yi kutsen da zai iya cutar da masu bayanan, ga tara a gefe. Da lauyan kamfani ya maimaita abin da na daɗe ina faɗa, cikin mako guda aka sa hannu. Ban ji haushi ba, ko da yake na ɗan ji.

Dilan nan da ya biya kuɗi a asusun ɓarayi, an raba asarar biyu tsakaninsa da kamfani. Yanzu ƙa'ida ce, ba a sauya lambar asusu ta imel ko WhatsApp, sai an kira lambar da aka sani an ji murya. Kwanan baya na aika masa saƙo da kaina kan wata takardar kaya. Minti biyu sai ga kiransa.

"Mai kwamfuta, kai ne ko su ne?"

Na ce ni ne, Alhaji.

"To faɗa mini abin da na ba ka ranar da ka zo shagona."

Na ce goro da lemo mai sanyi. Ya ce a'a, lemon ba sanyi, babu wuta ranar, amma ya yarda ni ne.