Ba Nauyin Haraji Ne Ya Tayar da Amurkawa Ba

Duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu na ƙasar Ringim, ya kuma zauna da dattawa, ya san haraji ciki da bai. Har yanzu akwai tsofaffin da ke tuna yadda mai unguwa ke bi gida-gida bayan kaka, yadda magidanci ke sayar da gyaɗarsa ko akuyarsa tun farashi bai tashi ba don ya biya, da yadda ake naɗe rasit a ajiye a aljihun 'yar ciki, domin wanda aka tare a hanya babu shi ya shiga uku. Fulani kuwa nasu jangali ne. Haka aka yi ta biya har shekarar 1979, lokacin da gwamnatin Abubakar Rimi ta soke su a tsohuwar Jihar Kano, wadda Jigawa ke cikinta. Da wannan idon nake karanta tarihin juyin juya halin Amurka, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, harajin da mutanen can suka yi wa tawaye bai taka kara ya karya ba, domin mazaunin Ingila kansa ya fi su biya nesa ba kusa ba.

Asalin rigimar bashi ne. A shekarar 1763 Birtaniya ta ci Faransa a yaƙin shekara bakwai, ta karɓe Kanada, amma ta fito da bashin da ya kusan ninka na da. Mahukuntan Landan suka ga ya dace yankuna 13 da suke mallaka a gaɓar Amurka su ɗauki wani kaso na kuɗin sojojin da aka girke a can. A 1765 majalisar dokokin Birtaniya ta kafa dokar kan sarki, wadda ta wajabta biyan kuɗin hatimi a kan jaridu, takardun kotu, lasisi, har ma da karta. A ganina nan ne suka yi babban kuskure, domin dokar ta faɗa kan lauyoyi da masu ɗab'i da fatake, wato mutanen da alƙalami ke hannunsu. Kafin ranar fara aiki da ita, jama'a sun tilasta wa mafi yawan masu karɓar kuɗin yin murabus, a Boston ma har an wawashe gidan mataimakin gwamna Thomas Hutchinson. An soke dokar a 1766, amma a ranar da aka soke ta majalisar ta sake shelanta cewa tana da ikon yi wa yankunan doka a kan kowane al'amari.

Wannan iƙirari ne ya ci karo da tunanin da ya daɗe yana yawo a tsakanin masu karatu. Tun 1689 masanin falsafar Ingila John Locke ya rubuta cewa mutum yana da haƙƙin rai da 'yanci da dukiya tun kafin a kafa hukuma, cewa mulki amana ce da jama'a suka bayar don a tsare musu waɗannan haƙƙoƙi, kuma ba ya halatta mai mulki ya taɓa dukiyar mutum sai da yardarsa ko yardar wakilan da ya zaɓa. Idan hukuma ta ci amanar, in ji shi, iko ya koma hannun masu shi. A 1748 Montesquieu na Faransa ya ƙara da cewa idan yin doka da zartar da ita da shari'a suka taru a hannu ɗaya, to 'yanci ya kau. Maganar Locke ta shafe fiye da shekara 70 a rubuce ba ta tayar da ko unguwa ɗaya a Amurka ba, sai da mai karɓar haraji ya tsaya a ƙofar shago sannan aka ga amfaninta. Ita ce ta koya wa mutum ya daina tambayar nawa ne, ya koma tambayar wa ya yarda.

Landan ta ba da amsa cewa kowane ɗan majalisa yana wakiltar duk talakawan sarki, har da waɗanda ba su zaɓe shi ba, kuma ai Manchester da Birmingham ma ba su da wakilai nasu na kansu. Amurkawa ba su gamsu ba, kuma ina ganin gaskiyarsu, domin suna da majalisunsu da suka saba yanka musu haraji, ta Virginia ma tun 1619 take zama. Ɗan majalisar Landan idan ya ɗora haraji a Ingila, shi ma zai biya. Idan ya ɗora a hayin teku kuwa, nauyin kansa ya rage.

Batun shayi ne ya fi fito da wannan fili. An sa kuɗin fito a kan gilashi da takarda da fenti da ganyen shayi a 1767, jama'a suka ƙaurace wa kayan Ingila, mata suka koma kaɗi da saƙa a gida. A 1770, shekarar da sojoji suka harbe mutum biyar a Boston, aka janye duka ban da kwabo uku a kan kowace laba ta shayi, wanda aka bari da gangan don a nuna iko na nan. Wata doka ta 1773 ta ba Kamfanin Gabashin Indiya, na 'yan kasuwar Ingila, damar kawo shayinsa kai tsaye, har farashinsa ya sauka. Duk da arahar, a daren 16 ga Disamba mutanen Boston suka hau jiragen ruwa uku suka zubar da akwati 342 a teku, domin sun fahimci cewa wanda ya saya ya amince da kwabo ukun. Ba na musun cewa 'yan fasa-ƙwauri suna da nasu lissafin a ciki, amma lissafin ɗan kasuwa kaɗai ba zai sa manomin da ke nesa da teku ya ɗauki bindiga ba.

Daga nan al'amura suka yi sauri. An rufe tashar jiragen Boston a 1774, wakilan yankuna 12 suka taru a Filadelfiya, aka fara harbe-harbe tsakanin sojojin Birtaniya da Amurkawa a Lexington da Concord ranar 19 ga Afrilun 1775. Ko a lokacin, da yawa suna fatan sulhu da Sarki George na Uku, sai a Janairun 1776 Thomas Paine ya fitar da ƙasidar da ta soki sarautar gado daga tushe, cikin harshen da ɗan kasuwa zai gane, yana kafa hujja da Attaura. Ana karanta ta da ƙarfi a wuraren taruwa don waɗanda ba su iya karatu ba. Irin wannan aikin ne Malam Aminu Kano da 'yan NEPU suka yi a nan daga 1950, da suka kai maganar haƙƙin talaka kasuwannin ƙauye da Hausa da aya da waƙa.

Abin da ba zan iya tsallakewa ba shi ne, sa'ad da shelar 'yancin kan Amurka ta ranar 4 ga Yulin 1776 ta ce an halicci dukkan mutane daidai, kusan mutum ɗaya cikin biyar a yankunan bawa ne ɗan asalin Afirka. Thomas Jefferson da ya rubuta shelar ya mallaki bayi sama da 600 a rayuwarsa, Locke kuma ya zuba jari a kamfanin da ke fataucin bayi daga gaɓar Afirka ta Yamma. Bayin sun ji maganar sarai. Wasu suka gudu wajen Turawan Ingila da suka yi musu alkawarin 'yanci a 1775, wasu kuma suka nufi kotu da kalmomin iyayengijinsu. A 1781 wata baiwa da daga baya aka sani da Elizabeth Freeman ta yi ƙara a Massachusetts, inda tsarin mulkin jihar ya ce kowa ɗa aka haife shi ba bawa ba, ta kuma ci shari'ar. 'Yan'uwanta na jihohin kudu sai da suka jira har 1865, bayan yaƙin basasa.