Asabar ta 14 a gaban yumɓu: tulun da ya tsage a wuya

Assalamu alaikum, 'yan'uwana masu koyon ginin tukwane. Yau Asabar ta 14 ke nan da fara zuwana Ushafa, garin magina tukwane, daga Kubwa. A cikin kaya 8 da na gina tun watan jiya, 5 sun fito wuta lafiya: kasko 2 da 'yan tukwane 3. Biyu sun fashe ana cikin gashi, da kunnena na ji ƙararsu. Na takwas ɗin kuwa, tulun nan da na ƙwallafa rai a kansa, bai ma kai ga wuta ba.

Da na buɗe tsumman da na rufe shi, sai ga tsaga siririya kamar gashi ta zagaye inda wuya ya haɗu da kafaɗa. Na kai wa Mama mai koya mana. Ta bi tsagar da babban yatsanta a hankali, ta ɗago ta ce, "'Yata, nan ne kika duba agogo." Wallahi haka aka yi. Ranar da na ɗora wuyan, la'asar ta yi sakaliya, hankalina yana kan samun mota kafin magariba. Na murza igiyar yumɓun na ɗora, ban karce mahaɗar ba, ban jiƙa ta yadda ya kamata ba, na shafe waje ya yi sumul na tafi. A ido babu aibi. Sai bayan kwanaki abin da na ɓoye ya fito fili.

Hunturu ma ya ba da nasa. Yumɓu yana raguwa idan yana bushewa, kuma wuyan tulu ya fi gindi siranta, iskar nan ta Janairu ta riga busar da shi. Sama na tsukewa, ƙasa na nan da danshi, dole wani wuri ya saki, kuma inda aka yi sakaci nan ne zai saki. Don haka masu gini a wannan lokaci, ku rufe baki da wuya da jiƙaƙƙen tsumma, ku ɗora leda, ku ajiye a inuwa inda iska ba ta kaɗawa.

Biyun da suka fashe, kaurin gindi ne ya ci su. Waje ya bushe, ciki da sauran ruwa, wuta na kamawa ruwan ya zama tururi ya rasa hanyar fita. Mama ta nuna mini gwaji mai sauƙi: ki kara tukunyar a kumatunki, in kin ji sanyi, ba ta shirya ba. Ita kanta sai ta ɗumama kayanta kusa da garwashi kafin ta jera su ta lulluɓe da itace da ciyawa.

Abin da ya sanyaya mini rai shi ne ba a zubar da komai ba. Tsingaron muka tattara, muka daka a turmi, muka tankaɗe, za a kwaɓa shi cikin sabon yumɓu ya ƙara masa ƙarfi, ya rage masa tsukewa. Tulun da bai ga wuta ba kuwa, jiƙa shi kawai aka yi ya koma yadda yake da farko. Sauran biyar ɗin, suna fitowa da zafinsu muka yayyafa musu makuba, ruwan kwasfar ɗorawa, suka yi duhu mai sheƙi. Na daɗe ina kallon su.

A mota ina dawowa, na ciro naira 20 zan cika kuɗin kwandasta, sai na tsaya kallon bayanta. Hoton Ladi Kwali ne, shahararriyar maginiyar tukwane, zaune tana gini. A wajen 'yar'uwar iyayenta ta koya tun tana yarinya, da hannu zalla, irin wannan da muke yi. Tukwanenta sun riga sun shiga gidan Sarkin Abuja Suleimanu Barau kafin Baturen Ingila Michael Cardew ya gan su, a Abujar da, wadda yanzu ake kira Suleja. A 1954 ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane da ya kafa a can, ita ce mace ta farko. Ta koyi gini a faifan juyi, wato faifan da ake ɗora yumɓu a kai yana juyawa, da gashi mai tsananin zafi, amma ba ta bar zanen ƙadangare da kifi da kunama da ta taso da su ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Masu ce mini in bar ginin hannu in nemi faifai saboda ya fi sauri, ban ƙi faifai ba, amma ni a ganina hannun da bai san kaurin bango a tsakanin yatsu biyu ba, juyi ba zai koya masa ba.

Maganar agogon nan ta bi ni har ofis. Na lura kurakuran da ake dawo mini da su a rahoto kusan duk a shafukan ƙarshe suke, waɗanda nake rubutawa lokacin tashi ya matso. Makon nan sau biyu na bar takarda ta kwana, da safe na sake karantawa kafin in miƙa. Ko gashin 'yata da nake kitsewa daren Lahadi, na daina ƙarasa layin ƙeya a gaggauce.

Zane kuwa, har yanzu Mama ba ta bar ni na yi dabba ko ɗaya ba. Igiya murɗaɗɗiya kawai nake mirginawa a kafaɗar tukunya. Da farko abin ya dame ni, sai a tukunya ta uku na ga hannuna ya karkata igiyar da kansa, layin ya fito kamar ruwa yana gangara. Mama ta gani, ta ce in bar shi haka.

Yumɓun tulun yana nan a jiƙe cikin bokiti. Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu zan gina gindi da ciki da safe, wuya kuma ba zan taɓa shi ba sai ina da yini a gabana. Ku da kuke Jos, kwana nawa kayanku ke yi kafin su bushe a wannan sanyin?